Gizo-gizon Da Na Sa Wa Sunan Yayata

Akwai wani ɗan gizo-gizo mai tsalle, bai fi ƙwayar shinkafa ba, wanda ya ɗauki sunan Yayata shekara uku da 'yan watanni. Yanzu ba ya ɗauke da shi. Ni na sa masa sunan, ni ce kuma sanadin faɗuwarsa. Abokan aikina suna ta ba ni baki, wai irin wannan yana samun kowa a sana'armu. Don Allah su ƙyale ni. Na san abin da na yi, kuma gara in faɗe shi da bakina.

Mu biyar mahaifiyarmu ta haifa. Yaya ce babba, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha biyu. Ina aji biyu na firamare mahaifiyarmu ta rasu. Lokacin Yaya ta gama sakandare, tana riƙe da takardar shiga makarantar koyon aikin jinya. Ta ninke takardar ta sa a ƙasan akwati, ta je jami'ar garinmu ta karɓi aikin wankin kwalabe a sashen nazarin halittu. Wai na shekara ɗaya ne, kafin Baba ya dawo hayyacinsa. Shekara talatin da biyar ta yi a ginin nan.

Ɗakin ajiya a ƙasan bene yake. Taga ɗaya ce, can sama kusa da silin, ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Kantoci ne na ƙarfe daga ƙasa har sama, cike da manyan kwalabe, kowace kwalba cike da ƙanana, kowace ƙarama da gawar gizo-gizo ko kunama a cikin sifirit. Shi kuwa sifirit yana tsotsewa ko ka rufe shi yaya, in ya tsotse abin ciki ya bushe ya tashi daga aiki. Dole wani ya riƙa bi yana ƙarawa. In Yaya ta fara daga layin farko a farkon shekara, ba ta kaiwa na ƙarshe sai shekarar ta kusa fita, sai ta koma farko. Yatsunta suka bushe suka tsattsage, ba man da ba ta gwada ba. Mijinta, Allah ya jiƙansa, direban bas ne mai yawan barkwanci, in ta dawo gida sai ya toshe hanci ya ce, "Ni dai asibiti na aura." A sashen kuwa, daga masinja har shugaba, Uwar Kwalabe ake ce mata.

Wani tsohon farfesa ne ya fara lura da idonta. Ya ba ta tarkacen da aka kwaso daga daji ta zubar da ganye ta wanke kwalaben, ya dawo ya tarar ta jera halittun gida-gida a faranti, masu kama da juna wuri ɗaya. Ba wanda ya sa ta. Ya ce, "Wa ya koya miki?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai a fili yake, ba su yi kama ba." Daga ranar ya zaunar da ita gaban madubin ƙara girman abu. Farfesoshi huɗu ta tantance wa kaya bayan shi. Dukansu in sun wallafa bincike sai su rubuta a ƙarshe, "Muna godiya ga ma'aikatan ɗakin ajiya." Ma'aikatan ɗakin ajiya! Mutum ɗaya ce tal a ɗakin.

Cikin duk abin da ke kwalaben nan, masu tsalle ne nata. Ba sa saƙa yana su zauna jira, farauta suke yi da ƙafa. Suna da manyan idanu biyu a gaba, in ka sunkuya kana kallonsu sai su juyo su rama. Yaya takan ce su kaɗai ne masu tarbiyya, ka gaishe su su amsa. A wurinta na fara ganinsu, ina 'yar makaranta ina jiranta ta tashi daga aiki. Ita ta riƙe ni har na gama jami'a, na tafi wata ƙasa na yi digiri na uku a kan gizo-gizo, na dawo aka ba ni ofis a saman benen da take ƙasansa. Na zama shugabarta a takarda. A gaban mutane tana ce mini Dakta. In mu biyu ne, Auta.

A bayan ginin akwai wani tsohon bango da filastarsa ta tsattsage, da wata bishiya a gefensa, da karyayyen benci. Nan Yaya take cin abincin rana. Wata rana, saura shekara biyu ta yi ritaya, ta shigo ofishina ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dire kwalbar magani a kan takarduna.

"Duba mini wannan. Ban san ta ba."

In Yaya ta ce ba ta san abu ba, mutum ya ajiye abin da yake yi. Mace ce, launin ƙasa mai duhu, da zane fari biyu a bayanta da suka haɗe a ƙarshe, da jan gashi kewaye da manyan idanun. Amma ba launi muke bi ba, launi yana yaudara. Kowane iri, macensa tana da wani ɗan tsari a ƙarƙashin cikinta, namijin kuma yana da 'yan hannuwa biyu dunƙulallu a gaban baki, sun dace da juna kamar kwaɗo da makullinsa. Wannan muke zanawa, da shi muke rarrabewa. Na sa ta a madubi. Na buɗe duk littafin da muke da shi, na bi duk hoton da zan iya samu a kwamfuta, na rubuta wa mutum uku a waje. Wata huɗu ina abu ɗaya. Babu ita a ko'ina. Ranar da na tabbatar, na sauka ƙasa na rungume Yaya tana riƙe da mazurari, muka yi ɓarin sifirit. Ta ce, "Ke, mahaukaciya ce? Sake ni!" Amma har kunne take dariya.

Ta ƙara samo wasu matan guda huɗu, duka a tsagogin bangon. Namiji ne babu. Shi kuwa bayani ba namiji kamar rabin aiki ne, ana karɓa amma ana yatsina. Yaya ta mai da neman namiji sana'a. Abincin ranarta ya koma a tsaye, cokali a hannu ɗaya, kwalba a ɗaya. Masu gyaran janareta suka fara tambaya ko Uwar Kwalabe lafiya take.

Bayan wata bakwai ta samo wani a jikin bishiyar. Girmansu ɗaya, shi ma da fari a baya, shi ma da ja a ido. Sai dai bai balaga ba, hannuwan nan a kumbure suke kawai, ba a iya karanta komai sai ya yi saɓa ta ƙarshe. Yaya ta reno shi a kwalbar zuma da ta huda wa murfi. Ta ajiye ruɓaɓɓiyar ayaba a wani gwangwani don ƙananan ƙudaje, kullum ta kama biyu ta jefa masa, ta jiƙa auduga ta sa masa ya sha. Ranar hutu ma sai ta hau mota ta zo. Sai wata rana ya saƙa ɗan buhu a murfin ya shige ya rufe. Kwana tara bai motsa ba. Na ɗauki hantsaki zan farka buhun, don na ɗauka ya mutu, kada ya ruɓe mu yi asara. Yaya ta doke mini hannu, tas, kamar ina 'yar shekara bakwai.

"In kika taɓa shi sai na saɓa miki. Tuɓe riga yake yi."

Kwana na goma sha ɗaya ya fito, baƙi wuluk yana sheƙi, hannuwansa sun cika. Ni ina ɗokin in jefa shi a sifirit in fara zane. Yaya ta ce a'a, tana da mace ɗaya da rai, sai ta haɗa su ta gani. Ta zuba su a farin faranti mai zurfi ta rufe da gilashi, muka haɗa kai muna kallo. Da ya hango ta sai ya tsaya cak, ya ɗaga ƙafafun gaba sama, ya fara tafiya gefe-gefe yana karkaɗa hannuwa. Rawa sosai, wallahi, har da rangwaɗa. Ita kuwa ta dube shi sau ɗaya ta juya masa baya. Washegari haka. Rana ta uku da ya matso sai ta daka tsalle ta hau shi, ba don Yaya ta yi sauri ta raba su da burushin fenti ba da ta cinye mana shi.

Yaya ta miƙe ta dafe ƙugu. "Ba mijinta ba ne."

Na yi dariya. "Haba Yaya. Mace ta ƙi namiji, yau aka fara? Wataƙila ta riga ta haɗu da wani, in sun haɗu ba sa kula kowa. Yana nan a littafi."

"Na sani. Amma ko mai ƙi tana tsayawa ta kalli rawar. Wannan ba ta ma san me yake cewa ba. Ita kallon abinci take masa."

"To ai wuri ɗaya kika same su."

"Ita a bango, shi a bishiya. Shekara guda ina kallon bangon nan, ban taɓa ganin irinsa a kai ba. Ita kuma ban taɓa ganinta a bishiya ba."

"Taku biyu ne fa tsakani!"

"Ni da maƙwabcina bango ɗaya ne tsakaninmu. Mijina ne?"

Na sake dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce in jira. Ta ce bayan ruwa ya ɗauke mazan bango suke fitowa, in ba ta wata shida ko takwas, in Allah ya yarda za ta kamo na gaskiyan, ko ta kama su tare.

Wata takwas ɗin nan ba ni da su, haka na gaya wa kaina. Na ƙudurta a raina tun tuni cewa sunan Yaya zan sa wa wannan iri, kuma ina so takardar ta fito kafin ranar ritayarta in ba ta mamaki. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da na fi shekara uku ina ɓoye ta bayan wannan: kwamitin ƙarin girma zai zauna, kuma takarda ɗaya ta rage mini. Da don Yaya kaɗai ne, da na jira. Suna ba ya lalacewa don ya zo bayan biki.

Ta dame ni da maganar har sau uku. A na ukun ina gaban madubi, zanen ya ƙi fita, kaina yana ciwo. Na juyo na ce, "Yaya, don Allah ki bar ni. Ke kin san kwalba, ni na san kimiyya. Ba a rubuta wa mujalla wai ba ta kalli rawa ba."

Ba kowa a ɗakin sai mu biyu. Ta dube ni, ta goge hannu a rigar aikinta, ta ce, "To, Dakta."

Har ta kai ƙofa ta juyo. A sana'armu, suna ba a kan iri gaba ɗaya ake ɗaura shi ba. Ana zaɓar guda ɗaya tak, a sa masa jar takarda a kwalbarsa, a ce wannan ne mai sunan. Duk gardamar da za ta taso, ko bayan shekara ɗari, shi za a ɗauko. Yaya ta sa jar takarda a kwalabe sun fi ɗari, ta san dokar fiye da ɗalibaina. Ta ce, "Abu ɗaya. In kin ƙi jira, jar takardar ki sa wa macen. Ita muka tabbatar." Ba ta san ma sunanta ne za a sa ba. Aikin kawai take karewa.

Na sa wa namijin. Haka aka saba a masu tsalle, namiji ake zaɓa, hannunsa ya fi nuna bambanci, masu duba takarda sun fi so. Kuma, in faɗi gaskiya, zanensa ya fi mini kyau, kuma ba na so a ce Yaya ta faɗa na bi. Kun ji girman hankalina.

Takardar ta fito sati biyu kafin ritayar. An yi ɗan taro a ɗakin shayi na sashen, lemo da biskit, shugaban sashe ya yi jawabi ya kuskure shekarun aikinta. Sai na miƙe na karanta sunan. Sunanta ne na yanka, aka ƙara masa 'yar wutsiya ta Latin. Da farko ba ta gane ba. Na sake karantawa a hankali. Ta ajiye kofin hannunta, ta ce, "Ni?" Sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa ganin Yaya ta yi kuka a gaban mutane ba, ko ranar da aka fita da gawar mijinta sai da ta shiga ɗaki. Da ta natsu ta ce, "Ina ma direban nan yana raye, ya ji asibitinsa ta shiga littafi." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, ina jin kaina kamar na biya ta duk abin da ta yi mini.

Matar da ba ta taɓa yabon kanta ba sai ga ta ta sa shafin farko a firam ta rataye a falo. Duk wanda ya shigo sai ya zauna ya ji. Mai ɗinkin da ke ƙasan benensu, ƙawayenta, mai kawo gas, iyayen mijin 'yarta ranar da suka zo gaisuwa. Sai ta sa tabarau ta nuna da yatsa: "Kun ga nan? Duk duniya, duk mai son kiran wannan halitta sai ya ambace ni. Ko na mutu." Wani lokaci in tsokane ta in ce ta cika baki. Ta ce, "Shekara talatin da biyar ina shiru, ki bar ni in yi."

Shekara biyu bayan haka saƙo ya shigo mini daga wani mai bincike a wata ƙasa, dattijo, wanda yake bitar dangin nan gaba ɗaya. Cikin ladabi ya rubuta. Ya ce ya aro wani tsohon namiji daga wani gidan tarihi, wanda aka sa wa suna sama da shekara ɗari da suka wuce, aka yi masa wani zane da ba ya nuna komai. Da ya sa shi a madubi sai ya ga namijina ne sak. Ya ce kuma yana da macen wancan tsohon iri, an kama su tare, ba ta yi kama da tawa ba ko kaɗan. Tawa kuwa, yana da biyu irinta daga wani wuri, gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ita dabam ce, sabuwa ce da gaske. Ya ce ko zan so mu yi aikin tare.

Na karanta, sai zuciya ta taso mini. Wa ya aike shi? Duk gizo-gizon duniya bai ga na dubawa ba sai nawa? Na sauka ɗakin ajiya, inda wata sabuwar ma'aikaciya take yanzu, na ɗauko namijin na gwada da hoton da ya turo. Minti biyar bai cika ba na san gaskiyarsa. Na mai da kwalbar, na hau sama, ban ba shi amsa ba.

Bayan wata biyu ya sake rubutowa. Ya ce doka ce, sunan da ya riga shi ne zai tsaya, nawa zai faɗi tunda a kan namijin na ɗaura shi, wannan ba yadda zai yi. Amma macen tana bukatar sabon suna. Ya ga a takardata cewa don 'yar'uwata na sa na farko. In ina so, in turo masa wani abu nata, sunan mahaifinta ko laƙabinta, ya sa. Zai jira ni wata uku.

Ya jira. Mutumin nan wallahi ya jira. Na buɗe saƙon ya fi sau ashirin. Layi ɗaya kawai zan rubuta. Amma rubuta layin nan yana nufin in amsa na yi kuskure, in amsa wa baƙo, sannan in je in amsa wa Yaya. Kullum sai in ce gobe. Har na riƙa yi wa kaina ƙarya wai tsoho ne, wataƙila ba zai gama aikin ba. Ya gama. Ya sa wa macen suna daga farin zanen bayanta. Sunan Yaya ya koma ƙaramin rubutu a ƙarƙashin wancan tsohon suna, da alamar kuskure ne.

Wata biyar na yi ina zuwa gidanta kowane ƙarshen mako, ina cin abincinta, bakina a rufe. Sau biyu a gabana ta zaunar da baƙi ta ba su labarin, tana cewa, "Ga Daktar nan, ku tambaye ta." Ni kuma ina gyaɗa kai. Kai, ban san ina da wannan halin ba.

Ranar da na faɗa mata, da la'asar ne, tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa a tire. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na ce, "Yaya, namijin nan ba nata ba ne."

Ba ta ɗago ba. "Wa ya gano?"

Na gaya mata. Na yi mata bayanin tsohon namijin da gwajin. Tana ji tana tsintar tsakuwa tana ajiyewa a gefen tire.

"Jar takardar wa kika sa wa?"

"Namijin."

Hannunta ya tsaya. Ina jira ta ce ai na gaya miki, ina ma roƙon ta faɗa, ko na ji sauƙi. Ba ta faɗa ba.

"Sunan ya faɗi ke nan."

"Ya faɗi, Yaya."

"In na samo namijinta na gaskiya fa? Gwiwata tana ciwo, amma bangon yana nan."

"Ba zai dawo ba. Ya manne a kan wancan, ba a cirewa, ba a sake sa wa wani a danginsu. Macen kuma ta riga ta samu wani sunan."

Ta sauke numfashi. Sai ta ba ni mamaki, ta dafa mini gwiwa. "To shi ne kike ta ramewa? Auta, kwalba nawa na fasa a ɗakin nan? Kin yi gaggawa, kin yi taurin kai, tun kina rarrafe haka kike. Niyyarki mai kyau ce. Allah bai nufa ba. Share fuskarki."

Da na yi shiru a nan, da shi ke nan. Ta yafe, ta ba ni hanyar fita, ba kuma yadda za a yi ta san sauran. Na kusa ɗauka, wallahi na kusa. Amma na ce, "Akwai saura." Na gaya mata saƙo na biyu. Na gaya mata mutumin ya nemi sunan Baba ko laƙabinta, ya ce zai jira wata uku.

Ta janye hannunta daga gwiwata.

"Ya tambaye ki?"

"Ya tambaye ni."

"Shi baƙon. Bai san ni ba."

"Bai san ki ba."

"Me kika ce masa?"

"Ban ba shi amsa ba."

"Saƙon bai iso da wuri ba?"

"Ya iso, Yaya. Na karanta. Kunya ce ta hana ni."

"Kunyar wa?"

Ta dube ni, irin kallon da take wa abu a madubi in tana so ta tabbatar da wane iri ne. Muryarta ba ta tashi ba.

"Kuskuren na yafe tun kafin ki rufe baki. Wannan kuwa ya yi mini ciwo, Auta, ba zan ɓoye miki ba. Wata uku kina da sunana a hannu, kina zuwa nan kina cewa miya ta yi gishiri." Ta ture tiren gefe. "Ɗauko biro. Rubuta mini sabon sunan, da manyan baƙaƙe."

Na rubuta a bayan takardar magani. Ta sa tabarau ta karanta sau biyu, tana motsa leɓe, ta tambaye ni yadda ake faɗa. Na faɗa, ta maimaita har ya zauna mata. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta jawo mayafi.

"Ina za ki?"

"Mutum nawa na zaunar a falon nan na gaya musu abin da ba haka ba? Sai na bi su. Bari in fara da mai ɗinki kafin ta rufe shago."

Na miƙe da sauri. "Bari in je ni. Laifina ne, ni ya kamata in faɗa."

"Ba ke kika cika musu baki ba."

"To mu je tare."

"Zauna," in ji ta. "Ki ƙarasa mini shinkafar nan."

Na zauna. Ina jin ta tana sauka a bene, taka ɗaya ɗaya saboda gwiwar, har ta kai ƙasa. Na ji ta yi sallama a ƙofar shagon, na ji keken ɗinki ya tsaya.